Babi na Bakwai: Inda Sufeto Ba Ya Zuwa

A watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogon da zai tashi daga Kano, ya bi ta Ɗambatta, Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, ya dire a Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, tsawon kilomita 284. Kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal aka ba kwangilar. Babban aiki irin wannan yakan zo da nasa tsari: hular kwano a ka, riga mai ɗaukar ido a jiki, takalmi mai ƙarfe a baki, ga kuma jami'in da ba shi da wani aiki sai tsawata wa wanda ya cire hularsa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Masu ba da bashin irin waɗannan ayyuka suna tambaya, kamfanin inshora yana tambaya, shi ma ɗan kwangilar yana gudun sunansa ya ɓaci a duniya.

To amma ma'aikatan layin dogo 'yan ƙalilan ne a cikin masu fita nema kowace safiya a Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa na jihar Jigawa. Galibin jama'a suna gonar gero, dawa, gyaɗa, riɗi da zoɓo, ko suna lambu a gefen dam ɗin Kazaure. Wasu suna injin niƙa, wasu gidan bulo, wasu garejin bakanike ko rumfar mai walda, wasu suna fasa dutse a gindin tsaunukan da suka yi wa yankin ƙawanya, wasu kuma suna cikin rijiya. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 'yan shekarun nan sun nuna sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya irin wannan aikin suke yi, wanda ba takardar ɗauka, ba albashin wata, ba fansho. Sashe na 17 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa hukuma kula da lafiya da amincin duk wani mai aiki, bai ware mai hular kwano daga mai hular saƙa ba. Tambayar wannan babi ita ce: ta wace hanya hannun hukuma zai kai ga wannan rinjaye?

Abin da ke rubuce

Dokoki dai akwai su. Ta farko ita ce Dokar Masana'antu ta 1987, wadda ta gaji ta zamanin Turawan mulkin mallaka. Ta wajabta yi wa masana'anta rajista, da rufe duk wani sashe na inji mai juyawa, da samar da iska, haske, ruwan sha, akwatin taimakon gaggawa da hanyar fita idan gobara ta tashi. Ta ce duk haɗarin da ya yi kisa, ko ya hana mutum aiki fiye da kwana 3, sai an kai rahotonsa. Ta ba sufeto ikon shiga ya duba, ya ba da takardar gyara, idan abin ya yi muni ya ba da takardar dakatar da aiki.

Ta biyu ita ce Dokar Diyyar Ma'aikata, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Disambar 2010. Ita ta ce mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun da hukumar NSITF ke riƙe da shi, daga aljihunsa, ba daga albashin ma'aikaci ba. Wanda ya ji rauni zai sanar da maigidansa cikin kwana 14, shi kuma maigidan ya sanar da hukumar cikin kwana 7. Wanda ya nakasa gaba ɗaya yana da haƙƙin kashi 90 cikin 100 na abin da yake samu a wata. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne dokar ta haɗa har da ɗan koyo, da leburan yini, da wanda aka ɗauka da baki kawai ba takarda.

Bayan waɗannan akwai manufar ƙasa kan lafiyar ma'aikata ta 2006, wadda aka sabunta a 2020. Nijeriya ta kuma amince da yarjejeniyoyin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO: mai lamba 155 a 1994, mai lamba 187 a 2022. Ita ƙungiyar ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa kowace shekara a duniya ta dalilin aikinsu, kuma mafi yawansu ba haɗarin farat-ɗaya ke kashe su ba, cuta ce da aikin ya dasa musu sannu a hankali. A cikin waɗanda haɗari ke kashewa kuwa, kusan ɗaya cikin uku manoma ne da masu aikin gona.

Tarar da zamani ya cinye

Matsalar farko tana cikin dokar kanta. Mai masana'antar da sakacinsa ya jawo mutuwa ko rauni, tarar da dokar 1987 ta yanka masa ba ta wuce naira 5,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba. A lokacin da aka rubuta wannan, mafi ƙarancin albashi naira 125 ne, tarar ta kai albashin wata 40 ke nan. Tun Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000. Yanzu albashin wata guda na ƙaramin ma'aikaci zai biya tarar ran mutum sau 14. A 2012 Majalisar Dattawa ta zartar da wani ƙuduri da zai maye gurbin tsohuwar dokar, amma bai samu sa hannun shugaban ƙasa ba.

Matsala ta biyu ita ce nisa. Tsarin mulki ya sa sha'anin ƙwadago, har da lafiyar ma'aikata, a jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka. Don haka sufetocin masana'antu ma'aikatan tarayya ne, ofishinsu na jiha yana Dutse, kuma ƙananan hukumomi 27 ne a wuyansu. Wanda zai taso daga Dutse zuwa Roni ko Gwiwa galibi sai ya ratsa ta cikin jihar Kano. Ko da man mota ya samu, wa zai duba? Ba shi da jerin sunayen masu injin niƙa, ba shi da adireshin masu haƙa rijiya, gona kuma ba masana'anta ba ce a idon dokar da yake aiki da ita.

Ko a inda masana'antu suke a jere, idon hukuma yana makara. A Satumbar 2002 gobara ta kashe gomman ma'aikata a wata masana'antar roba a Ikorodu ta jihar Legas, saboda an kulle su a ciki suna aikin dare. A Yunin 2020 'yan sanda suka fito da sama da mutum 100 daga wani kamfanin shinkafa a Kano, inda aka tsare su watanni suna aiki ba fita. Idan haka ta faru a Kano, mai unguwannin masana'antu irin su Bompai, Sharaɗa da Challawa, ba sai an faɗi yadda lamarin yake a ƙauyukan bakin iyakar Babura ba.

Haɗarin da ke ƙofar gida

A tsaya a bakin injin niƙa da hantsi a duba. Injin dizal yana gefe yana tsalle a kan katakon da aka ɗaure shi, dogon bel ya taso daga jikinsa zuwa bakin niƙa, a buɗe, yana gudu har ba a ganin ɗinkinsa. Idan bel ya zame, mai inji ba ya kashe wuta, da sanda ko da tafin ƙafa yake mai da shi. 'Yan mata suna tsaye a layi da bokitai, hijabinsu har ƙasa, iskar injin tana kaɗa shi. Tsakanin bakin hijabin da bel ɗin bai fi taki ɗaya ba. Shi kuwa mai injin, gari ya rufe masa gira, sai an ɗaga murya yake ji. Ƙarar da ta haura desibel 85, idan ana shan ta awa 8 kullum, tana cinye ji, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Da kaka injin sussuka yake karɓar aikin: ana tura damin da hannu, ana sauri saboda kuɗin buhu-buhu ne, har dare da fitilar waya. Wanda ya taɓa ganin hannun da wannan injin ya ja ba ya son a maimaita masa labarin.

Rijiya kuma nata salon daban ne. Labarin kusan iri ɗaya ne duk lokacin da ya fito daga bakin jami'an kashe gobara: mutum ya shiga yasa ko ciro guga, ya yi shiru, ɗan'uwansa ya bi shi, shi ma ya yi shiru, na uku ya bi. A gari sai a ce rijiyar tana da mutanen ɓoye. Abin da ke faruwa a ƙasan shi ne, iskar da muke shaƙa tana da kashi 21 cikin 100 na oksijin, amma a ramin da ya daɗe a rufe ruɓewar ganye da tsatsa suna cinye shi, wasu gurɓatattun iskoki masu nauyi su kwanta a ƙasa. Idan kuma aka zura injin jan ruwa mai fetur a ciki, hayaƙinsa kaɗai ya isa. Mutum yakan faɗi kafin ya gane abin da ke damunsa. Cibiyar NIOSH ta Amurka ta bayyana a 1986 cewa fiye da kashi 60 cikin 100 na masu mutuwa a irin waɗannan ramuka masu kai ɗauki ne. Tsofaffin masu haƙa sun san dabarar zura fitila a ga ko za ta mutu. Dabarar tana nuna ƙarancin oksijin, amma ba ta nuna guba, a masai ko sokawe kuwa tana iya ta da wuta.

Sai feshi. Matashi ya goya tankin da ke yoyo a bayansa, ba takalmi, ba safar hannu, yana tafe iska tana mayar masa da maganin a fuska. Bakin feshin ya toshe, ya sa baki ya hura. Galan ɗin da ya ƙare a ɗauraye a zuba man gyaɗa. Ƙwayar da ake jefawa a buhun wake, wadda 'yan kasuwa ke kira bom, iskar guba take fitarwa, ga shi sau da yawa buhunan suna ɗakin da yara ke kwana. Mai fasa dutse kuwa tasa cutar sai bayan shekaru take bayyana: ƙurar dutse ta taru a huhu, numfashi ya riƙa gaza masa, a yi ta ba shi maganin tarin fuka. Likitoci suna kiran ta silikosis, ba ta da magani, kuma tana buɗe wa tarin fukan ƙofa.

A tare ruwa tun daga mafari

Babu gwamnatin da za ta iya tsayar da sufeto a kan kowane inji da kowace rijiya. Ingila ma da ta fara wannan tsari a 1833, da sufetoci 4 ta fara. Amma haɗari yana da mafari, kuma mafarin ba shi da yawa. Masu aiki da injin sussuka dubbai ne, masu ƙera shi 'yan tsiraru ne. Masu feshi ba sa ƙirguwa, masu sayar da maganin kowa ya san shagonsu a kasuwa.

Indiya ta bi wannan hanya. Bayan da injinan sussukar alkama suka yawaita a Punjab da maƙwabtanta, suka yi ta cire wa manoma hannuwa, sai majalisar ƙasar ta yi Dokar Injina Masu Haɗari a 1983. Nauyin ta ɗora shi a kan mai ƙerawa da mai sayarwa. Ma'aunin ƙasar ya ce mazurarin da ake tura dami ya kai santimita 90, a rufe rabinsa na kusa da haƙoran, yadda ko mutum ya miƙa hannu iya miƙawa ba zai kai ba. Gyara ne na farantin ƙarfe guda. Manomi ya gaji ko bai gaji ba, ya yi gyangyaɗi ko bai yi ba, hannunsa ba zai isa wurin ba. Injinan sussuka da na niƙa da ake gani a yankin Kazaure da yawansu ƙirar gida ce, masu walda ke haɗa su a Kano da garuruwan kewaye. Kazaure tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, Babura kuma ta samu Jami'ar Fasaha ta Tarayya a 2021. Zana mazurari da murfin bel da za su dace da injinanmu, a koya wa masu walda, aiki ne da ɗaliban injiniya za su iya gamawa a zango guda.

A fannin magungunan gona, hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben maganin ƙwari mai sinadarin dichlorvos a 2019, ta kuma sanar da janye paraquat daga kasuwa. Sanarwa a Abuja ba ta kwashe kaya daga kan tebur a kasuwar ƙauye, musamman a gari irin Babura da kaya ke shiga da fita ta iyaka. Sai an bi shagunan, an san masu su, an ɗaure lasisinsu da horo. Abin da ya fi hani tasiri kuma shi ne a ba mutum madadi. Buhun PICS mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro kuma ake yin sa a Kano, yana kashe ƙwarin wake ta hanyar toshe musu iska, ba ƙwaya ba hoda. Manomin da ya samu wannan buhu da araha ba ya bukatar wa'azi a kan bom.

Darasin ƙura kuwa Zamfara ta biya shi da tsada. A 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Hana haƙar bai hana ta ba, domin ita ce abincin mutane. Da abin ya sake ɓulla a jihar Neja a 2015, ƙungiyar likitoci ta MSF da abokan aikinta suka zauna da masu haƙar a Shikira, aka fitar da niƙa daga cikin gidaje, aka sa feshin ruwa a bakin inji, aka tanadi wurin wanka da sauya tufafi. Ƙurar dalma a iska ta ragu da sama da kashi 90 cikin 100. Ruwan da ya kwantar da ƙurar dalma zai kwantar da ƙurar dutse a Roni da Kazaure.

Hannayen da suke ƙasa

Jiha ba za ta yi dokar ƙwadago ba, amma hannunta ba a ɗaure yake ba. Legas ta kafa hukumar kiyaye haɗura tata a 2011. Tsarin mulki ya ba ƙananan hukumomi kula da kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, shaguna da gidajen burodi. Mai karɓar harajin injin niƙa yana zuwa kowace shekara ba fashi. Me zai hana a ce ba za a sabunta takardar inji ba sai an ga bel a rufe? Duba-gari suna nan a kowace ƙaramar hukuma, sun san lungu-lungu. Malaman gona na hukumar JARDA suna zuwa har bakin kunya. Abin da ya rage a ƙara musu shi ne ɗan horo da takardar tambayoyi mai shafi ɗaya. Hukumar kashe gobara kuma ta ajiye na'urar auna iska, fankar hura iska da igiya mai ɗamara a hedikwatar kowace ƙaramar hukuma, inda mai yasar rijiya zai ara.

Akwai kuma tsarin da ya girmi duk waɗannan. Ƙasar Hausa ta daɗe da Sarkin Maƙera, Sarkin Magina, Sarkin Pawa, Sarkin Noma da Sarkin Ruwa, yau ga ƙungiyoyin masu walda, bakanikai, 'yan bulo da 'yan tifa, kowace da shugabanta da ranar taronta. Maganar da ta fito daga fadar Kazaure, ko ta Ringim wadda Babura ke ƙarƙashinta, ta bi ta hakimi, dagaci da mai unguwa, takan isa inda takardar ma'aikatar tarayya ba ta taɓa zuwa ba. Maigida ya fi jin kunyar a kira shi gaban 'yan sana'arsu a kan tarar naira 5,000. ILO ma ta gano haka: shirinta na WIND, wanda ya faro a ƙauyukan Biyetnam a shekarun 1990, manoma ne ke zagaya gonakin juna suna kwaikwayon gyare-gyare masu araha da maƙwabci ya riga ya yi.

Gwamnati tana da wani makamin a aljihunta, wato kwangila. Ajujuwa, asibitoci, kwalbatoci da rijiyoyin burtsatse na wannan yanki, galibi kuɗin hukuma ke gina su. A matakin tarayya, mai neman kwangila sai ya nuna shaidar biyan NSITF. Hukumar tantance kwangiloli ta Jigawa tana iya sa kuɗin kayan kariya a cikin lissafin aiki a matsayin layi mai zaman kansa, wanda ba za a biya ba sai an gan su a jikin leburori. Sannan a fara ƙirga. Duk mai rauni da aka kai babban asibitin Kazaure ko na Babura, a ƙara tambaya biyu a katinsa: a wurin aiki ne, kuma wane aiki? Cikin shekara guda shugaban ƙaramar hukuma zai san ko inji ya kamata ya fara bi, ko rijiya, ko feshi.

Wa ke ɗaukar asarar?

Idan hannun yaro ya tafi a inji, maganar da ake ji ita ce, “Tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa.” Maigida ya biya kuɗin ɗinki, ya kai buhun gero, dattawa su ce a bar wa Allah, a yi addu'ar Allah ya kiyaye gaba. Washegari injin ya tashi yadda yake. Imani da ƙaddara gaskiya ne, amma malamanmu ba su taɓa karantar da cewa yana ɗauke wa mai sakaci lamuni ba. Babin diyya da biyan ɓarna yana cikin littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Kazaure, Jigawa kuma tana cikin jihohin da suka ƙaddamar da Shari'a a 2000. Limamin da ya yi huɗuba a kan haƙƙin ɗan koyo a kan maigidansa, da alƙalin da ya saurari ƙarar wanda inji ya nakasa, suna cikin masu tabbatar da wannan doka ko da ba su taɓa karanta ta ba.

A halin da ake ciki, asarar tana faɗawa ne a kan wanda ya fi kowa rauni: yaron da ya rasa hannu, matar da ta koma gidan iyayenta da marayu, tsohon da ke haki a zaure. Wanda yake da ikon hana haɗarin, wato mai ƙera inji, mai shi, mai sayar da magani da ɗan kwangila, kusan ba ya asarar komai. Duk dabarun da aka zayyana a sama manufarsu guda ce: a mayar da nauyin kan wanda gyaran ke hannunsa, ta hanyar lasisi, kwangila, diyya da idon 'yan sana'a. Mai inji ɗan kasuwa ne, ya iya lissafi. Ranar da ya ga barin bel a buɗe ya fi rufe shi tsada, da ƙafarsa zai je wurin mai walda, ko sufeto ya taso daga Dutse ko bai taso ba.